Igiya Ba Ta Cewa "Da Sauƙi"

Ƙanena Nasiru ɗan kwana-kwana ne, kuma abin da ya fi kowa da shi a tasharsu murya ce. Wanda bai san cikin birni ba zai ɗauka wasa nake. Motar kashe gobara ba ta shiga lungunanmu. A bakin titi take tsayawa, a yi ta haɗa mesa da mesa, a bi da ita ta ƙofar wannan gida, a karya ta bayan wancan masallaci, har a kai inda wutar take. Mai riƙe da bakin mesa ba ya ganin mai famfo a mota, shi ma mai famfo ba ya ganinsa. Suna da oba-oba, 'yar rediyon hannu, amma idan unguwa ta ruɗe, mata na salati, inji na ƙugi, babu mai jin abin da take faɗa. A nan ake neman Nasiru. Zai tsaya a tsakiyar lungu ya ce a saki ruwa, mai famfo ya ji kamar a kunnensa aka faɗa. Ni a gidan rediyo nake aiki, kuma na daɗe da sanin cewa a rabon murya na gidanmu shi ya kwashe, ni aka bar ni da makirufo.

Na rubuta wannan ne bayan an gama jinya, don masu ɗan'uwa a wannan aiki, da duk wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin gobara, su san abin da mu ba mu sani ba.

Wata Laraba da hantsi wuta ta tashi a Yakasai, a wani gida da aka mayar wurin ajiye katifu. Oga Garba, shugaban ayarinsu, shi ya ba ni labarin. Ya ce soso idan ya kama, hayaƙinsa baƙi ne wuluk, mai kauri, mai ɗaci. Suna cikin jan mesa aka ce akwai mutum a ɗakin ƙurya, wani tela mai ɗinka rigar katifa. Nasiru ya goya tukunyar iska, ya sa takunkumi, ya shiga. A ciki ko tafin hannunsa ba ya gani. Ya yi kira, takunkumin ya haɗiye kiran. Sai ya ɗaga takunkumin ya ce, "Bawan Allah, biyo muryata." Ya yi ta faɗa, yana shaƙa yana faɗa, har ya ji an riƙe masa takalmi. Telan ne ya rarrafo.

Da suka fito lungu ya ɗauki kabbara. Mutanen da ɗazu suke zaginsu wai sun makara, har wani ya jefi motar da dutse, su ne suka ɗaga Nasiru sama. Ina godiya da kabbarar. Dutsen kuma ban manta da shi ba.

Oga Garba ya tilasta aka kai Nasiru asibiti tare da telan. Sun tarar da layi, ga waɗanda suka yi hatsarin mota a kwance a ƙasa. Wani matashin likita ya zo kansa ya ce, "Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Numfashi fa?"

"Lafiya lau. A fara da telan nan."

Likitan ya ce ya zauna a benci za a dawo kansa. Nasiru ya dubi masu jini a jiki, ya ji kunyar zama a layinsu da ƙafafunsa lafiya, ya ce bari ya je gida ya yi wanka ya yi salla. Ba likitan ne ya sallame shi ba. "Da sauƙi" ce ta sallame shi.

A gidanmu na Goron Dutse kuwa biki aka buɗe. Labari ya riga shi zuwa. Zaure ya cika, kowa sai an maimaita masa yadda telan ya kama takalmi. Nasiru na bayarwa, muryar na dushewa, kamar ana jan buhu a siminti. Muka ce gajiya ce. Mahaifiyarmu Hajiya ta sa aka fasa masa madarar gwangwani, wai tana wanke hayaƙi. Ya tofar da yawu baƙi, aka yi dariya, wani ya ce gawayi ya ci. Bayan La'asar ya shige ɗaki, can sai matarsa Rabi ta leƙo zaure ta yafito ni.

"Yaya, zo ka ji numfashinsa."

Na shiga na same shi a zaune, ya dafa gwiwoyi da hannu biyu. Duk jan numfashi sai ka ji wani siririn usur daga wuyansa. Na ce, "Nasiru, ya jiki?" Leɓɓansa suka ce da sauƙi. Sauti bai fito ba.

Ban san lokacin da na saɓa shi ba. Muka fito bakin titi muka tare adaidaita sahu. Da direban ya ji cewa wannan ne na gobarar Yakasai, sai ya zuro kai waje yana jiniya da baki, yana dukan rufin kekensa da hannu, yana cewa a ba da hanya ga mai ba da hanya. Masu babur biyu suka shiga gabanmu suna kore mutane. Ni ina baya na rungume ƙato, ina jin usur ɗin nan yana ƙara sirancewa. Mun isa, direban ya ƙi karɓar ko sisi, ya juya ya tafi. Ban san sunansa ba. Allah ya san shi.

Likitar maƙogwaro ce ta karɓe mu, wata mace mai magana a gajarce. Ta haska cikin hancinsa, ta nuna mini: gashin duk ya babbake.

"Wa ya sallame shi da safe?"

"Shi ya tafi da kansa."

"Me ya ce musu?"

"Ya ce da sauƙi."

Ta girgiza kai. "Kalmar nan ta fi hayaƙi cika mana gadaje. Malam, wuta ta mutu a Yakasai tun hantsi. A maƙogwaronsa yanzu take ci."

Wannan magana ita ce ta zauna mini. Ƙunar ciki ba ta nuna kanta nan take. Kumburin a makare yake zuwa, a hankali, har ya toshe hanyar iska. Nan da nan aka zura masa roba ta baki, aka wuce da shi ɗakin da ba a shiga sai dai a hanga ta gilashi.

Makon farko zirga-zirga ce. Layin biya a wannan gini, layin magani a wancan, layi ya zo kanka a ce babu, sai a kemis na waje. Abin da jinyar ta ci ba zan faɗa ba; abokan aikinsa sun yi karo-karo, dangin telan ma sun kawo nasu, gida ya cika sauran. Wata nas ta riƙa faki ido tana tsayar da Hajiya a bakin gilashin, ta ce, "Mama, ɗaga masa hannu, yana ganinki."

A mako na biyu aka cire robar, aka dawo da shi ɗakin maza. Muka kewaye gadon muna jira. Ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Likita ta ce akwai wasu 'yan tantani biyu a maƙogwaro, daga kaɗawarsu murya take fita, kuma nasa sun ƙone. Idan aka bar su suka huta za su iya warkewa sumul. Idan aka dame su za su warke da tabo, muryar kuma ta tafi ke nan. Saboda haka babu magana, babu gyaran murya, babu raɗa. Ta ce raɗa ma ta fi magana wahalar da su.

Oga Garba ya ja ni gefe, amma gefen bai yi nisa ba. Ya ce, "Malam Habu, gaskiya ɗaya ce. Wanda ba zai iya kiran ɗauki ba, ba na tura shi cikin wuta. In muryar ba ta dawo ba, sai dai gadin sito." Na waiga na ga Nasiru ya juya fuska bango. Ya ji.

To sai dubiya ta taso. Goron Dutse ta zo, Yakasai ta zo, 'yan majalisarsa, 'yan masallacinmu, har mutanen da ba mu sani ba waɗanda suka ji labarin telan. Kowa ya zo zai tsaya a kansa ya ce, "Sannu, ya jiki?" Sannan ya jira. Ba a yi mana tarbiyyar a gaishe ka ka yi shiru ba. Na zauna a bakin gado ina amsawa a madadinsa, amma mutane tsallake ni suke yi da ido, shi suke kallo, shi kuma leɓɓansa na motsi.

Ranar da abin ya ɓaci ita ce ranar da Kawu Ilu ya zo daga Ƙofar Mazugal. Yayan Hajiya ne, shi ya yanka wa Nasiru ragon suna, kuma kunnensa ya yi nauyi shekaru da yawa. Ya dogara sanda ya sunkuya.

"Nasiru, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Kawu."

"Ba kai na tambaya ba. Kai ai kullum kana cikin akwati kana surutu."

"Likita ce ta hana shi magana."

"Iye?"

"Ta hana shi magana, Kawu."

"To shi ya faɗa mini mana."

Masu jinyar gadon kusa suka ƙunshe dariya. Nasiru ya dubi tsohon nan da ya hau mota biyu don shi, ya kasa daurewa. Ya matso wata murya kamar ta tsohon ƙyaure, ya ce, "Da sauƙi, Kawu."

"Iye?"

Ya ƙara ƙarfi ya maimaita. Tari ya sarƙe shi, sai ga jini a matashin kai. Dariya ta ɗauke. Da likita ta zo ta duba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an koma farko, kuma ba ta da tabbacin tantanin za su jure irin wannan sau biyu. "Ko dubiya ko murya. Ku zaɓa."

Na kai wa Hajiya wannan zaɓi. Ta ce, "Mu kori mutane? A garin nan? Gobe wa zai zo mana jana'iza?" Ban ga laifinta ba, ban kuma ga mafita ba.

Washegari Oga Garba ya shigo da wata siririyar igiya a naɗe a hannu, fuskarsa cike da zumuɗi kamar wanda ya tsinci abu. Su 'yan kwana-kwana ba wuta kaɗai ake kiransu ba. Idan mutum ya faɗa rijiya su ake kira, kuma sau da yawa Nasiru ake zurawa. A can ƙasa magana ba ta hawowa daidai, saboda haka da igiya suke zance. Ja ɗaya, lafiya. Ja biyu, ina buƙatar wani abu. Ja uku, a fito da ni.

Ya ɗaura bakin igiyar a wuyan hannun Nasiru yana cewa, "A rijiya ba a kara. Wanda ya ja ɗaya alhali ba lafiya ba, gawarsa za a ciro. Tun da nake da mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya da igiya ba. Da baki kuwa kullum." Ya ja da baya ya riƙe ɗaya bakin. "Nasiru, ya jiki?"

Nasiru ya kama igiyar. Sannan ya ja. Ɗaya, biyu, uku.

Gaskiyar farko ke nan da muka samu daga gare shi tun ranar gobara. Aka kira likita, aka ba ta igiyar. Ta riƙe tana tambaya, yana ja. Haɗiya da zafi? Ƙirji fa? Ashe kwana da kwanaki yana fama da zafin haɗiya da wani zazzaɓi na ciki, yana gyaɗa wa kowa kai. Aka canza magani. Likitar ta dubi igiyar a hannunta ta ce da za a ba ta irinta ɗari da ta raba wa ɗakin nan kaf.

Daga ranar dubiya ta canza. Duk wanda ya zo, sai in miƙa masa bakin igiya. Ya ce ya jiki, ya ji amsa a tafin hannunsa. Ba a kori kowa ba, ba a kuma yi wa kowa shiru ba. Mutane har layi suke yi, wasu su fita su dawo su sake gaisuwa don dai su ji an ja. Wani dattijo mai karaya a gadon ƙarshe ya sa aka kwance masa zariyar wando shi ma yana amsawa da ita, alhali bakinsa lafiya lau. Kawu Ilu ya dawo a kunyace, ya tsaya nesa da gado. Na damƙa masa igiyar na yi masa bayani da yatsu. Ya ce, "Ya jiki?" Nasiru ya ja biyu, ya nuna ruwa. Kawu da kansa ya zuba ya ba shi. Karon farko ke nan a shekaru da aka ba Kawu amsa bai ce "Iye?" ba.

Da aka sallamo mu gida sai shawarwari suka biyo mu. Citta, masoro, kanumfari, man shanu da tafarnuwa. Na kai wa likita sunayensu, ta amince da zuma da ruwan ɗumi da sirace da ruwa zalla, ta soke sauran. Rabi ta zura igiyar ta taga ta ɗaura a hannunta, tana aikinta a tsakar gida. Wata rana tana tankaɗe sai aka fizge ta sau uku, har rariya ta kife. Ta ruga ɗaki ta tarar da Hajiya ta shiga da kasko da garwashi, ta barbaɗa wani sassaƙe da maƙwabciya ta kawo, wai a yi masa hayaƙi muryar ta buɗe. Nasiru ya manne da bango, ya toshe hanci.

Hajiya ta ce, "Ɗan da na haifa ne yake ja mini uku?"

Rabi ta ce, "Hajiya, ai hayaƙin ne ya kwantar da shi."

Hajiya ta dubi kaskon, ta dubi ɗanta, ta fita da shi tana dariya tana cewa Allah ya shirye ta.

Abin da ya fi yi masa wuya jiniya ce. Idan motarsu ta wuce ta titi sai ka ga ya miƙe tsaye bai sani ba, hannunsa a wuya. Ya tsaya har sautin ya ɓace, sannan ya zauna. A irin wannan lokaci ba na miƙa hannu ga igiyar, don na san abin da za ta faɗa.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Wanda ya fito daga hayaƙin gobara, in muryarsa ta dushe, ko yawunsa ya yi baƙi, ko gashin hancinsa ya ƙone, kada a saurari bakinsa. A zaunar da shi a asibiti ko yana tsalle. Madara ba ta kai wa inda ƙunar take. Kuma "da sauƙi" ta masu dubiya ce. Likita a gaya masa inda ke ciwo.

Makonni suka tura. Duk zuwa asibiti likita za ta zura wata 'yar kyamara ta hancinsa, mu ga tantanin nan biyu a allo, daga ja suna komawa fari. Ta fara ba shi izinin guna da baki a rufe, sannan kalmomi kaɗan, sannan hira a hankali. Muryar ta dawo, amma ƙarama, ta zaman ɗaki. Ta lungu ita ce ba mu sani ba, kuma ita ce aikin. Har ranar da likita ta ajiye kyamarar ta ce, "Ka gwada. Sau ɗaya."

Oga Garba ya zo unguwarmu bayan La'asar. Ya ce shi zai tsaya a bakin titi, jikin injin markaɗe da ke ta ƙara, Nasiru kuma a ƙofar gidanmu, can ƙuryar lungu, lungun ya karya kwana sau biyu tsakaninsu. In ya ji, ya ji. Hajiya da Rabi suka laɓe a bayan ƙyaure. Kawu Ilu, da ya zo dubiya kamar yadda ya saba, yana zaune a zaure bai san me ake ƙullawa ba. Mun shirya komai, abu ɗaya muka manta: ba mu gaya wa maƙwabta ba.

Nasiru ya gyara tsayuwa. Ya cika ƙirji.

"A saki ruwa!"

Ta fito. Da ɗan kaushi a gefenta wanda da babu, amma ta fito, ta daki bango ta karya kwana. Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Mata da bokitai, maza daga masallaci takalma a hannu, kowa na tambaya ina wutar. Mai ruwa ya turo kurarsa a guje jarkoki na karo. Wani daga bayan katanga bai tsaya tambaya ba ya sheƙo mana bokiti guda, ya jiƙa mu sharkaf. Ta cikin wannan taro Oga Garba ya kutso yana haki yana dariya.

"Har mai markaɗe ya kashe inji. Litinin ka zo da takalmanka."

Rabi ta rangaɗa guɗa daga bayan ƙyaure. Ina cikin ba maƙwabta haƙuri sai ga Kawu Ilu ya fito daga zaure yana dogara sanda, ransa a ɓace.

"Wane ne wannan mai ihu? Ya fasa mini kunne."

Muka tsaya muna kallonsa. Na ce, "Nasiru ne, Kawu."

Ya dubi Nasiru daga sama har ƙasa, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Sannan ya miƙa hannu, tafin a buɗe. Nasiru ya zaro igiyar daga aljihu ya damƙa masa baki ɗaya.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi, Kawu," in ji Nasiru, ya kuma ja sau ɗaya.

Kawu ya jinjina igiyar a hannunsa. Ya ce, "Na bakin ban yarda da shi ba. Wannan dai na karɓa."